Zan ɗaga gaban Hilux ya yi daidai da baya: kal kaɗai ya isa, ko sai na canza kayan ƙafa?

Mai Vigo, Sabon Gari:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina da Hilux Vigo ta 2012, kabin biyu, injin gazuwal 2KD, kat-kat, wato mai ja da tayoyi huɗu. Gabanta ya yi ƙasa sosai, baya kuma yana sama. Da na bar kwalta na shiga hanyoyin ƙauye wajen Mirya ko Damagaram Takaya, sai in ji farantin da ke ƙarƙashin inji yana sharar yashi. Ina so in ɗaga gaban ya daidaita da baya. Wani ya ce in sa kal, wato ƙarfen ciko mai ƙara tsayi, a saman amortisa (abin da ke shanye girgizar ƙafa), shi ke nan. Wani kuma ya ce in ban canza tiriyangil na sama (hannun ƙarfe da ke riƙe taya a jikin shasi) da amortisa da rotil (gaɓar ƙwallon da ƙafa ke juyawa a kai) ba, kashe motar zan yi. Kuɗin hanyoyin biyu ba su ko kusa da juna. Masana ku taimaka mini don Allah.

Makaniken Zango:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi maganar saye, ƙanena, amsa mini abu uku. Me kake ɗauka a baya, kuma kullum ne ko jefi-jefi? Akwai ƙarfen kariya mai nauyi a gaba, ko batir na biyu? Sannan ka ajiye ta a kan siminti mai lebur babu kaya, ka ɗauki mita ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin laka, wato ƙarfen jikin mota da ya rufe saman taya, duk ƙafafu huɗu. Kada ka auna daga ƙasa, iskar taya za ta ruɗe ka.

Ɗan Kat-kat:
Yaya, ni dai shawarata kada ka yi rabin aiki. In za ka ɗaga, ka sayi cikakken kaya: amortisa da resor (sifirin) na kamfanin Old Man Emu ko Ironman, da tiriyangil na sama waɗanda aka ƙera don motar da aka ɗaga. Ƴan Ostiraliya a kan irin wannan hanya tamu ta yashi da gargada suka gwada kayan nan. Kal ɗin nan ƙarfe ne kawai, bai ƙara wa mota komai sai tsayi.

Direban Tanut:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa za a daidaita ta tun farko? Toyota ba kuskure suka yi ba da suka bar baya a sama. Motar kaya ce, an yi ta ta ɗauki kusan tan ɗaya. Ka ɗora buhun hatsi biyar ko shida masu kilo 100, za ka ga ta zauna daidai da kanta. In ka daidaita ta tana wayam, ranar da ka yi lodi hancinta zai kalli sama. Sitiyari ya yi sako-sako a hannu, birkin gaba ya rage kamu, fitilunka kuma su shiga idon duk wanda ya taho. Mu da muke hanyar Tanut zuwa Agadas muna haɗuwa da irinsu da dare.

Mai Vigo, Sabon Gari:
Gaskiya ne Malam direba, amma ni ba ɗan lodi ba ne. Aikina zagayen rijiyoyin burtsatse da famfunan sola. Abin da ke baya akwatin kayan aiki ne, da jarkar ruwa, wani lokaci fanel biyu ko famfo. Akwai ƙarfen kariya a gaba, a jikinta na saye ta. Maigida, gobe in sha Allah zan auna.

Makaniken Zango:
Madalla. Tun da akwai ƙarfe a gaba, ina kyautata zaton resor ɗin sun gaji ne, ba wai haka aka yi motar ba. Amma bari in yi bayanin kal tukuna, don a nan mutane ke shan wahala.

Daga Vigo, wato 2005 zuwa sama, har Revo da ta fito a 2015, ƙafar gaban Hilux iri ɗaya ce a tsari: tiriyangil biyu, na sama da na ƙasa, sai amortisa da resor a jikinsa, ƙasansa ɗaure a tiriyangil na ƙasa, samansa a shasi. Abin da ke hana taya zarcewa ƙasa idan mota ta yi tsalle ko ƙafa ɗaya ta faɗa rami shi ne tsawon amortisan kansa. Idan ya miƙe ya ƙare, taya ta tsaya. Injiniyoyi sun auna wannan tsawon daidai da inda rotil na sama da kardan, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayar gaba, za su iya lanƙwasawa ba tare da sun cije ba.

To idan ka sa kal a sama, ka tura amortisan gaba ɗaya ƙasa. Yanzu taya tana sauka ta wuce inda aka yi mata iyaka. Rotil na sama ya kai ƙarshen juyawarsa, nauyin ƙafa ya rataya a wuyansa. Tiriyangil na sama ya fara taɓa resor, za ka ga fentin wurin ya goge. Kardan ya karkace fiye da kima, sufile, wato robar da ta rufe gaɓar kardan, ya riƙa gogar kansa har ya tsage, giris ya fita, yashi ya shiga. A ɗaya ɓangaren kuma, idan ka daki rami da ƙarfi, amortisa na iya kaiwa ƙarshe kafin robar tsayawa ta karɓi bugun, sai ya lanƙwashe ko ya fara zubar da mai.

Wani abin da ba a sani ba: amortisa ba a bakin taya yake zaune ba, yana can tsakiyar tiriyangil. Saboda haka kal mai kaurin santimita 2.5 yana ɗaga mota kusan ninki biyun haka. Mutum ya ce yana son santimita 5, ya je wurin mai tur, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya yanko masa kal na santimita 5, motar ta tashi kusan tara ko goma. Wannan ce ke cin rotil da kardan kamar gara.

Ɗan Kat-kat:
Ka ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. Maigida da kansa ya tabbatar sai da tiriyangil.

Makaniken Zango:
A'a ɗana, ban faɗi haka ba. Na faɗi illar kal mai kauri. Tiriyangil na musamman yana da aikinsa, amma aikin biyu ne kawai: yana gyara kusurwar rotil na sama, kuma yana dawo da kusurwar da ke sa sitiyari ya koma tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Bai taɓa kardan ko kaɗan, bai taɓa rotil na sitiyari. Wanda ya ɗaga santimita 8 ya sa tiriyangil mai tsada, sufilensa zai ci gaba da tsagewa. In ɗagawar ba ta wuce santimita 4 zuwa 5 ba, tiriyangil na asali yana ɗauka, muddin robobinsa da rotil ɗinsa lafiya suke. Sama da haka ne nake cewa a canza, a kuma sauke pon na gaba, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin biyu, kaɗan don kardan ya samu sauƙi.

Alhaji Mai Kayan Mota, Kasuwar Dole:
Ni sana'ata sayarwa, da son raina ne da na ce ka sayi komai. Amma ku yi tunanin wannan. Tiriyangil na musamman ba a shago yake ba, sai an yi oda daga Dubai ko a sa wani ya nemo a Kano, ka jira. In rotil ɗinsa ya mutu kana Gure ko Tanut, na Toyota ba lallai ya shiga ba. Motarka ta kwana a can har sai an aiko. Rotil na asali kuwa, ko na kamfanin 555 na Japan, duk garin da ake gyaran Hilux za ka samu.

Kuma wasu daga cikin tiriyangil ɗin nan ba rotil mai rufin roba gare su ba, ƙwallon ƙarfe ne a buɗe. An yi su don motocin tsere da ake wankewa ana dubawa kullum. A ƙurar hunturun Damagaram ba za su daɗe ba za su fara kuka. In dole sai ka saya, ka nemi mai rufaffen rotil da silanbulok (bushin da ke haɗa tiriyangil da shasi) na roba.

Ɗan Kat-kat:
Alhaji, na yarda da maganar buɗaɗɗen ƙwallo. Amma maganar samuwa, ai mutum sai ya sayi rotil na ajiya ya sa a mota. Kuma ku gafarce ni, 555 ɗin da ke yawo a kasuwa nawa ne na gaskiya? Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, a ɗaura yau, kafin damina ta fita ya fara ƙwanƙwasa.

Alhaji Mai Kayan Mota, Kasuwar Dole:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, jabu ya yi yawa, ba a 555 kaɗai ba, har a kwalin Toyota. Shi ya sa nake ce wa mutane su sayi kayan ƙafa wurin wanda za su iya komawa su kama. In aka ba ka rotil a rabin kuɗin da kowa ke sayarwa, ka ajiye shi. Rotil na ƙasa in ya fita mota tana gudu, taya kwanciya take a ƙarƙashin mota. Wannan ba wurin neman araha ba ne.

Ɗan Magariya:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni tsohuwar Hilux gare ni, ta kafin Vigo, mai bar torsiyo, wato sandar ƙarfe mai murɗewa a madadin resor. An ce mini goro kawai ake ɗaurewa ta tashi, ba a sayen komai. Haka ne?

Makaniken Zango:
Haka ne, amma da iyaka. Duk abin da ka ƙara a sama, ka rage shi ne daga saukar taya. Leƙa ƙarƙashin tiriyangil na sama, akwai ƴar roba. In ka ɗaure har tiriyangil ya kusa zama a kanta, motar za ta riƙa dukanka a kowane rami, taya kuma ta riƙa barin ƙasa a gargada. Ka bar tazara. Ka ɗaga motar a jak kafin ka taɓa goron, ka ƙirga zagayen kowane gefe, kuma kai ma sai ka je paralelisim, wato daidaita kusurwar tayoyi, bayan haka.

Baban Yara, Birni:
Ni fa duk wannan wahalar ban gane ta ba. Mai son daji ya sayi Land Cruiser 79, pon ɗinta na gaba guda ne, babu tiriyangil babu sufile a waje, injin 1HZ ya kai ka Bilma ya dawo da kai.

Shugaban zaure:
Baba, kowa ya san darajar 79, amma bawan Allah Vigo gare shi kuma a kanta ya yi tambaya. Mu tsaya a kan ta.

Mai Paralelisim:
Bari in faɗi abin da ke zuwa gabana. Ko santimita 3 ka ɗaga, kusurwar tayoyin gaba ta canza, domin rotil na sitiyari da tiriyangil ba baka ɗaya suke bi ba. Wanda bai zo an daidaita ba, zai ga gefe ɗaya na taya ya cinye alhali ɗayan sabo ne. Taya biyu na Hilux sun fi kuɗin paralelisim nesa ba kusa ba.

Abin da ke ba mu wahala shi ne bulon daidaitawa da ke tiriyangil na ƙasa, guda huɗu masu wosha mai karkace. A motocin da suka shekara goma ba a taɓa su ba, sukan manne da bututun silanbulok. Ka juya, robar ce ke murɗewa, bulon bai motsa ba. A nan sai an yanke, a sa sabbin bulo da sabbin silanbulok. Ka sa wannan cikin lissafinka tun yanzu.

Game da gardamar tiriyangil, ni na'ura ce alƙalina. A ɗaga motar, a kawo ta. In bulon asali sun kawo kusurwoyi cikin abin da Toyota ta rubuta, kuma da sauran wurin juyawa, ba ka bukatar komai. In na juya su har ƙarshe ba su kai ba, ko kuma ka hau hanyar Takeita ka ji motar tana yawo sai ka riƙe sitiyari da hannu biyu, to lokacin tiriyangil ya yi. Saye kafin a gwada asarar kuɗi ce.

Hajiya Mai Sufuri:
Sannunku da muhawara. Ina da motoci biyu da ke kai kaya kasuwannin Matamaye da Kance, don haka ina bin maganar nan da kyau. Ina goyon bayan direban Tanut a kan fitila. Wanda duk ya ɗaga gaban mota, don girman Allah ya sa a sauke masa fitilu. Hanyoyinmu cike suke da amalanke da masu babur da dabbobi, in ka makantar da mai tahowa ba shi kaɗai ka jefa cikin hatsari ba. Tambayata ga Maigida: motar da ke gudu a kwalta ba a sa kat-kat ba, ita ma kardan ɗinta yana wahala?

Makaniken Zango:
Hajiya, in motar ba ta da makullin hannu a tsakiyar tayoyin gaba, kardan yana juyawa duk lokacin da taya ke juyawa, ko an sa kat-kat ko ba a sa ba. Ƙarfin inji ne dai babu a kansa. Don haka sufile yana aiki kullum, kuma shi ne ke fara mutuwa. Motocinki na lodi kuwa kada ki bari a taɓa gabansu. In za ki kashe kuɗi, ki kashe a lam na baya, wato faifayen ƙarfen da ke ɗaukar nauyin kaya, da amortisa masu kyau.

Mai Vigo, Sabon Gari:
Na auna. Baya ya fi gaba da kusan santimita 8. Gaban hagu ya fi na dama ƙasa da santimita 1 da ɗan wani abu. Na kuma leƙa, amortisan hagu ya jiƙe da mai, ƙura ta manne masa. Sufile duka lafiya.

Makaniken Zango:
To magana ta fito. Resor ɗinka sun zauna saboda nauyin ƙarfen gaba da shekaru, amortisa ɗaya kuma ya mutu. In ka ɗora kal a kan wannan, ka sami tsayi amma ƙafar tana nan a mace, za ta riƙa lilo tana dukan roba. Ka sayi amortisa biyu da resor biyu waɗanda aka yi don mota mai ƙarfe a gaba. Su kaɗai za su dawo maka da abin da ya zauna, su ƙara kaɗan a kai. Ka bar baya ya fi gaba da santimita 2 ko 3 saboda kayan aikinka. Lokacin da aka kwance, a girgiza rotil huɗu da na sitiyari da biyelet (ƴan sandunan da ke haɗa ƙafa da sandar hana mota karkata), wanda ya yi wasa a canza, wanda bai yi ba a bar shi.

Kuma ka tsaya a kan yaran gareji a wuri ɗaya: kada su ɗaure bulon silanbulok da na ƙasan amortisa motar tana rataye a jak. A sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan a ɗaure. In aka ɗaure a sama, robar tana murɗe tun ranar farko, ba za ta yi nisa ba.

Ɗan Kat-kat:
A kan amortisa da resor mun haɗu, Maigida. Akwai ma Bilstein 5100 da ake matsar da mazaunin resor sama ko ƙasa a zaɓi tsayin da ake so. Amma har yanzu ina ganin tun da an riga an kwance ƙafa, kuɗin aiki ɗaya ne, gara a sa tiriyangil a huta. In ya dawo daga baya zai biya makanike sau biyu, paralelisim sau biyu.

Mai Paralelisim:
Canza tiriyangil na sama ba ya bukatar a sake kwance amortisa, aiki ne na daban. Abin da zai maimaita paralelisim ne kawai, kuma kuɗinsa bai wuce kashi kaɗan na kuɗin tiriyangil biyu ba.

Direban Tanut:
Ni har yanzu ina nan a kan bakana, gyara abin da ya gaji ya isa, ba sai an ƙara tsayi ba. Kuma ɗan'uwa ka sani, ɗaga gaba yana ɗaga farantin inji da pon na gaba, amma pon na baya yana inda yake. A yashi mai zurfi inda manyan motoci suka haƙa sawu, shi ne ke fara zama. Taya kaɗai ke ɗaga shi. Daga 265/70R16 zuwa 265/75R16 abin da za ka samu bai wuce santimita 1 da kaɗan ba, ga ƙarin shan gazuwal, wani lokaci ta riƙa gogar laka in an karya sitiyari duka. Rage iskar taya kafin shiga yashi ya fi duk wannan amfani, a kuma riƙe famfon iska a mota don a mayar in an hau kwalta.

Mai Vigo, Sabon Gari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tsayar: ba zan sa kal ba. Zan sayi amortisa da resor na gaba, a duba rotil da silanbulok, a yi paralelisim, a sauke fitilu. Tiriyangil zan jira abin da na'ura ta ce. Saura tambaya ɗaya. Amortisan baya ba sa zubar da mai, in bar su?

Makaniken Zango:
Rashin zubar mai ba shaidar lafiya ba ce. In shekarunsu ɗaya da na gaba, su ma sun gaji. Gwada haka: bayan ka yi tafiya mai ɗan nisa a burji mai gargada, tsaya ka kai hannu kusa da jikin kowanne a hankali. Mai aiki zai yi ɗumi sosai, wanda ya yi sanyi ya daina aiki. In aljihu ya ba da dama ka canza huɗun tare, kuma kamfani ɗaya, don sabon gaba mai tauri da tsohon baya mai laushi suna sa bayan mota ya riƙa wutsiya a gargada, musamman in babu kaya.

Alhaji Mai Kayan Mota, Kasuwar Dole:
In za ka zo saye, ka zo da lambar shasi, kada ka ce Vigo kawai. Ta kat-kat da wadda ba kat-kat ba mai gajeren ƙafa kayansu ba ɗaya ba ne, kuma resor kala-kala ne gwargwadon nauyin da ke gaba. Ka faɗi cewa akwai ƙarfen kariya, ka faɗi ko akwai batir na biyu.

Ɗan Kat-kat:
Yaya, in an gama ka turo mana awon ƙafafu huɗun da takardar paralelisim. Ina son in ga inda bulon ƙasa suka tsaya.

Mai Vigo, Sabon Gari:
In sha Allah zan turo. Mai paralelisim, yaushe ya kamata in kawo ta, ranar da aka ɗaura ko sai ta ɗan yi tafiya?

Mai Paralelisim:
Kawo ta ranar da aka ɗaura, kada ka hau doguwar hanya da ita a haka. Sabbin resor sukan ɗan zauna, saboda haka bayan mako biyu ko uku ka sake aunawa, in tsayin ya sauka ka dawo a duba. Ka zo da akwatin kayan aikinka da jarkar ruwan a baya, yadda kake yawo da ita kullum.